Zuwa ga Bagobiri mai sabuwar tarakta

Ɗan gwaggo, gaisuwar ubangida zuwa ga baransa, kai ma ka san wane ne wane a cikinmu. Labari ya shigo Maraɗi tun hayaƙinta bai lafa ba, wai Bagobiri ya sayi tarakta. To barka da arziki. Na yi murna har zuci, domin tun da Allah ya haɗa ni da zuriyarku ban taɓa jin ɗayanku ya kashe kuɗi kan ƙarfen da ba na faɗa ba sai a kanka.

Na gan ta ranar kasuwarku. Ƴar ƙarama ce mai ƙarfin doki 25, ta ci ƙuruciyarta a fadamun shinkafar Japan, ta zo ƙarasa tsufa a ƙofar gidanka, an wanke ta tas har da shimfiɗa mata darduma a kujera. Ka ce ba don noma ka saye ta ba. Hanyar garkarka ta Jiratawa ce ta ishe ka, mita 300 ɗin nan daga bakin babbar hanya zuwa ƙofar garka, wadda duk damina sai ta hana motar masu sarin zogale shiga. Ɗanka da ke karatu a Amurka ya turo maka hotunan ƙarafan da ake ɗaura wa irinta a baya, kai kuma ka turo mini ta WhatsApp ka ce in zaɓa maka, tun da mu Katsinawa ba mu da aiki sai shawara. Na duba. Na uku a jerin, wanda ka zagaye da jan layi, na ture dusar ƙanƙara ne, Alhaji, wadda ke toshe musu ƙofar gida lokacin sanyi. Ranar da ta fara sauka a Tibiri ka aiko, ni zan saya maka shi.

Na ƙi amsa maka ta waya na kawo maganar nan shafi, saboda ba kai kaɗai ba ne. Daga Tibiri har Madarunfa alhazan da suka buɗe garka ko gidan kaji nesa da kwalta suna da yawa, kuma kusan dukansu kuɗin ƙarfe suke fara tambaya tun ba su tambayi abin da ke damun hanyar ba.

Da muka bi taka tare bayan ruwa, kai ramuka kake nuna mini da sanda kana tsine wa direbobi. Ni gefe nake kallo. Rairayi da ciyawa sun taru a baki hagu da dama har sun yi kunya, tsakiya ta lotsa, sawun taya biyu sun zama magudana. Ruwan da ya sauka kan hanyar ba shi da mafita, na gonakin maƙwabta ma nan yake gangarowa, su haɗu su bi sawun taya har ƙofar garka inda kwaɗi suka kafa unguwa. Abin da kake kira hanya, ɗan gwaggo, korama ce da mota ke ara in rani ya yi.

Mu Maraɗawa da tsada muka sayi wannan karatu. Tsohon garinmu a kwarin gulbi yake, sai da ambaliyar 1945 ta rusa shi aka kwashi mutane aka hau tudu, aka yanka sababbin unguwanni da miƙaƙƙun tituna. Hawa tudun bai raba mu da ruwa ba. Duk wanda ya san gangaren da ke sauka daga gari zuwa gulbi ya san yadda kwazazzabai ke cin titi da gindin katanga, ya kuma ga abin da ruwan ƙarshen Agusta na 2024 ya yi mana, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Na san za ka ce me Bakatsine ya sani. To ka tuna bayan yaƙin Gawakuke a 1836, da kuka rasa Sarki Ali kuka rasa wurin zama, Sarkinmu Ɗan Mari ne ya tsaya wa sarkinku Mayaƙi har aka kafa Tibiri. Wanda ya nuna maka inda za ka kafa gari ba zai kasa nuna maka inda ruwa zai bi ba. Kada ka tayar da zancen cewa namu Sarki Rauda ma can ya kwanta, ko cewa mu ma koro mu aka yi daga Katsina. Shafina ne.

Hanyar burji doro take so. Tsakiya ta ɗara baki, yadda ɗigon da ya faɗi zai gangara hagu ko dama ya fita cikin mita biyu, maimakon ya bi tsawon hanya yana tara ƴan'uwansa. Masu aikin hanya kan ba da santimita 4 a kowace mita. Taka faɗinta mita 4 ne, daga tsakiya zuwa baki mita 2, ke nan tsakiya za ta fi baki tudu da santimita 8. Haɗa yatsunka huɗu ka duba faɗinsu, shi ke nan. Turaku da igiya da tiyon ruwan nan da magina ke daidaita gini da shi sun isa awo. In doron ya gaza haka ruwa ya kwanta, in ya zarce amalanke ya riƙa zamewa gefe. Sai lambatu hagu da dama, mai faɗi marar zurfi, da ƙofofin da za su fitar da ruwan tun bai yi ƙarfi ba. Inda ruwan zai je kuwa, wannan ka zauna da maƙwabta ku yanke. Ka san Jiratawa, filin noman rani ne sama da hekta 500 da aka shimfiɗa tun farkon shekarun 1980, ga rijiyoyin burtsatse, ga famfunan lantarki, ga magudanan siminti, kowane taƙi da mai shi. Ranar da jan ruwan hanyarka ya cika magudanar ƙungiyar manoma da laka, ko ya kwanta cikin zogalen wani, za ka gane ba Gobir kaɗai ce gidan faɗa ba.

To da me za a yi doron? Ƙasar wajenmu jigawa ce, in ban da geza nan da can da lakar bakin gulbi, kuma rairayi ba ya riƙe doro ko giredar gwamnati ka kawo masa. Sai an shimfiɗa burji, jar ƙasar marmara wadda ta haɗa manyan ƙwayoyi da ƙanana da ɗan yumɓun da zai ɗaure su. Bara ka kwashi ragowar tsakuwar ginin shagonka, wankakkiya mai sulɓi, ka zuba a ramuka kana alfahari ba ka biya ko dala ba. Tana ina yanzu? Taya ta watsa ta cikin gonakin mutane, domin mulmulalliyar ƙwaya ba ta kama ƴar'uwarta. Kafin ka biya mai tifa ka je mahaƙa da ƙafarka, ka ɗebi ƙasar ka ɗan yayyafa mata ruwa ka dunƙula. Wadda ta watse da ka buɗe hannu ba ta da ɗauri, gargada za ta yi da rani. Wadda ta manne maka a tafi yumɓunta ya yi yawa, santsi za ta yi da damina. Nemi wadda ta dunƙule kana jin tsakuwa na sukar hannunka, in ka sake ta ƙasa ta rabe biyu ko uku.

Ga lissafi, na san ba ku son sa. Tsawo mita 300, faɗi 4, kauri santimita 12 bayan an daɓe, kubik 144 ke nan. Ƙasar da aka zubo sako-sako takan ragu da wajen kashi ɗaya cikin biyar in ta sha daɓe, don haka ka sa 180. Tifa mai cin kubik 10, sawu 18. Kuɗin da ka ware wa ƙarafa biyar, nan ya kamata mafi yawansu su tafi.

Yanzu mu zagaya bayan taraktar, inda hankalinka yake. Hannaye uku ne a can, biyu a ƙasa masu ɗagawa, ɗaya a sama. Wani Bature ɗan Birtaniya, Harry Ferguson, shi ya yi rajistar dabarar a 1926, ta bazu duniya da taraktar Ford ta 1939, sunansa ne kuma rabin sunan Massey Ferguson da kowa ya sani. Hannayen nan aji-aji ne. Irin taka aji na ɗaya ce, ƙusoshin ƙasa kaurin milimita 22, ta sama 19. Manyan Massey 375 da ke yi wa mutane haro aji na biyu ne, 28 da 25, kuma yawancin tsofaffin ƙarafan da za ka tarar a garejojin Maraɗi da Katsina da Kano nasu ne. In ka sayo na babba, ko ƙusa ta ƙi shiga, ko a yi mata dabara ta shiga, ka ɗaga, gaban tarakta ya tashi sama ka tsinci kanka kana kallon gajimare. Ƴan Japan ɗin nan ma wasu da gajerun hannaye suke zuwa, waɗanda aka yi domin injin kaftun shinkafa kawai. Sa yaro ya auna kafin ka fitar da ko jika guda. Dubi tayoyinta kuma, masu dogayen ƙaya ne na shiga taɓo, in ta juya da ƙarfi kan hanya mai danshi ita da kanta za ta tone abin da ta gyara. Faɗin ƙarfe kuwa ya ɗan ɗara sawun tayoyin baya, wajen mita ɗaya da rabi. Fiye da haka doki 25 ba za su ja shi cike da ƙasa ba.

Wanda ya fi tafiya da ranka na gan shi, akwatin nan mai haƙora, har ka rubuta a ƙasan hoton, “wanga nika so.” Ban yi mamaki ba. Ƙarfe ne da ke bin fuskar hanya yana tsaga ta layi-layi, shida nan bakwai can, dole Bagobiri ya gan shi ya ga ɗan'uwa. Ba zan ci zalinsa ba dai. Akwati ne marar gindi, bango hagu da dama, wuƙa a baya, haƙora huɗu ko biyar a gaba waɗanda ake saukewa a ɗage da ƙusa. Haƙora su fasa ƙasa mai tauri, akwati ya kwashi ta tudu ya kai kwari ya zubar. Rami in ba a fasa shi har gindi ba aka zuba masa ƙasa kawai, sabuwa da tsohuwa ba sa haɗuwa, ruwan farko taya za ta fitar da cikon, kuma wajen fasa ramin nan akwati ya fi kowa. In ka gajarta hannun sama ya duƙa gaba ya ci ƙasa, in ka tsawaita shi ya kwanta baya ya shafa.

Aibinsa biyu, kuma duka a irin hanyarka suke fitowa. Ba ya karkata, gaba kawai yake jan ƙasa, ba ya turo ta daga baki zuwa tsakiya. Yaronka ya bi tsakiyar hanya da shi, doron da aka sha wahala aka tayar a safiya guda zai aske shi. Ɗayan ya fi muni. Can inda aka ƙera shi, galibi ƙarƙashin tsakuwarsu akwai wani fasasshen dutsen da aka fara shimfiɗawa. Kai ƙarƙashin santimita 12 ɗinka rairayi ne zalla. Haƙori ya nutse fiye da kima da huji ɗaya, ya tono farin rairayi ya gauraya maka da jar ƙasar da ka saya da tsada, shi ke nan ɗauri ya tafi, kuma ba mai iya tsince maka su. Ramukanka ma ba su kai a saya musu akwati ba. Diga da shebur da duron ruwa da madaɓi, da samari biyu masu jin yunwa: a yanke bakin ramin a tsaye, a jiƙa, a zuba burji kaɗan a daɓe, a ƙara a daɓe.

Wanda zan sa ka saya ba shi da kwarjini a hoto, shi ya sa ka tsallake shi. Wuƙar baya ce, falle ɗaya mai ɗan lanƙwasa, ƙanwar wadda ke ƙarƙashin gireda. Darajarta tana wurin juyawa. Akwai faranti mai huji-huji a samanta, ka zare ƙusa ka karkata ta bakinta na waje ya yi gaba, sannan ka murɗa sandar hannun dama ka sauke wannan bakin ƙasa kaɗan. Ka bi gefen dama a haka har ƙofar garka, ka juyo ka bi ɗaya gefen, duk burjin da taya ta watsar yana mirginowa tsakiya. Da ita za ka aske kunyar rairayin nan ta baki, amma ita waje za ka tura ta, ka sauya karkatar wuƙar, kada ka kawo rairayi kan burji. Da ita za ka share lambatu kafin ruwan farko. In an gama ka juya ta baya-gaba ka shafe da ƙeyarta.

Ita ma da halinta. Ba ta da nauyi, a busasshiyar jar ƙasa tsalle take yi tana ƙara, sai an ɗora mata bulo biyu ko uku an ɗaure. Kuma duk abin da tarakta ta taka sai ta kwaikwaya: tayar baya ta faɗa rami wuƙa ta caki ƙasa, ta hau tudu wuƙa ta saki abin da ta ɗauko, ka waiga ka ga ka haifi sabuwar gargada. Maganinsa tafiyar ƙasaita, kada ta wuce saurin mai tafiya a ƙasa, abin da na san zai yi wuya ga wanda kakanninsa ba su san tafiya ba sai sukuwa. Sannan a ɗaura mata ƴar taya guda a baya wadda za ta riƙe tsayinta. Ƴan waldan Maraɗi masu ƙera amalanke da garmar shanu za su yi maka wannan. Ka dai tabbata bakin wuƙar na ɗaurin noti ne, wanda in ya cinye za a juya shi ko a sake, domin marmara tana cin ƙarfe.

Akwai mai wuƙa biyu da ke zamiya kan dogayen takalma. Wannan na yaba masa. Tsawonsa ya sa ba ya bin gargada, kanta yake askewa ya zuba a kwarinta, ko wanda jiya ya koyi tuƙi zai iya da shi. Sai dai hanyar da ta riga ta samu doro yake riƙewa, ba ya haƙa lambatu. In Allah ya hore nan gaba ka ƙara shi. Manjagara bar ta, tsakuwa take tsincewa ta bar gari a baya, ta raba abin da muke so ya haɗu. Bokitin gaba zai yi maka amfani wajen ɗibar taki, amma da tsada, yana wahalar da ƙafafun gaba na ƙaramar tarakta, kuma in aka ɗaga shi cike aka bi gangare kifewa ba wuya. Ba na son in rasa mai biyana kuɗin shara.

Duk wannan sai da danshi. Jar ƙasa in ta bushe a watan Afrilu wuƙa ba ta cin ta, abin da ta kankaro ma iska ce ke kwashe garinsa. In ta jiƙe sharkaf kuma taɓo kake damawa. Lokacin yana washegarin ruwa ko bayan kwana biyu, sa'ad da za ka taka sawunka ya fito amma takalmi bai ɗauko laka ba. Daminarmu gajeruwa ce, Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara wajen milimita 500, don haka guga uku ya ishe ka: farkon damina, tsakiyarta, da ƙarshenta, wanda ya fi duka nauyi tun da shi zai riƙe hanyar wata takwas na rani. Ka ce za ka jiƙa ta da tanki tun da Jiratawa ba a rasa ruwa. Ruwan sama mai milimita 10 kacal, wanda manomi ba ya ko fita shuka a kansa, lita 12,000 yake zuba wa hanyarka, duro 60. Je ka gaya wa masu rabon ruwan famfo, su da ke haɗa kuɗin lantarki, cewa kana son duro 60 ka shayar da hanya. Ka sanar da ni ranar in zo kallo.

Bayan guga sai daɓe, domin ƙasar da aka tayar aka bar ta sako-sako rabon ruwa na gaba ce. Ba ka da rola, to cika tirela da kaya a bi hanyar a hankali daga baki zuwa tsakiya, kowane sawu a ɗan kauce wa na baya. Tirelar nan ita ce ƙarfe na biyu da zan sa ka saya, sai garma. Hanyar mita 300 aikin safiya uku ne a shekara. Sauran kwanakin fa? Tarakta na ƙofar gida a Tibiri tana riƙon darduma, batir na mutuwa, ɓeraye na cin waya. Kuma daga Tibiri zuwa Jiratawa sai ta ratsa Maraɗi, wajen kilomita 20, kana tafe da wuƙa mai mita ɗaya da rabi a baya tsakanin ƴan kabu-kabu da adaidaita. Ran Litinin ko Juma'a da kasuwarmu ke ci kada ka ko gwada. Ajiye ta can garka ka yi mata rumfa. Filayen Jiratawa fegi-fegi ne, inda babbar tarakta ba ta iya juyawa ƙarama na shiga. Ta yi kaftu, ta kai taki, ta fito da buhunan zogale bakin hanya, ta nemo kuɗin gazuwal ɗinta da kanta. Wuƙar ma maƙwabta za su yi haya, tun da hanyoyinku duka ciwo ɗaya suke yi. A Zimbabuwe da Kenya hukumomi sun daɗe suna riƙe hanyoyin karkara da taraktar noma mai jan ƙaramar gireda, don haka sayen bai zama wauta ba, in dai ba a gida ta zauna ba.

Ga kuma abin da na ɓoye maka da gangan har ka gama biyan kuɗinta. A jihar Misuri ta Amurka, ƙasar da ake turo maka hotuna daga cikinta, wani manomi mai suna D. Ward King ya gaji da taɓon hanyar gonarsa wajen 1896. Ya tsaga gungume gida biyu, ya jera ɓarin gaba da baya da tazarar da ba ta kai mita guda ba, ya haɗa su da sanduna, ya ɗaura wa dawaki biyu da sarƙa a karkace, ya riƙa jan sa bayan kowane ruwa. Ƙasa na gangarowa tsakiya, doro na tashi kaɗan-kaɗan, rana na gasa shi. Abin ya yi kyau har ma'aikatar noman ƙasar ta buga ɗan littafi a kansa a 1908, manoma suka kama ko'ina. Doki biyu, ɗan gwaggo. Kai ka sayo 25 na ƙarfe, ga bijimai biyu a turke suna cin harawa suna kallonka. Kada dai ka ce na aike ka saran gawo. Yankin nan duniya ta san shi da renon itatuwa cikin gona tun shekarun 1980, ƴan gandun daji kuma ba za su saurari cewa Bakatsine ne ya ba ka shawara ba. Guntayen shasin tsohuwar babbar mota guda biyu sun fi gungume, ko manyan tayoyi uku ɗaure da sarƙa a riƙa ja kan gargada da rani.

Saura masu ɓarna. Akwai motar amininka mai taya goma da ke kawo takin kaji, wadda ba ta tashi shigowa sai ruwa ya ɗauke da minti biyar. Kan hanyoyin burji na gwamnati akwai shingen ruwan sama, ana tare manyan motoci har ƙasa ta tsane. Kai ma nemi igiya da turaku biyu. Na san da wuya Bagobiri ya ce wa baƙo dakata ba a kai ga kokawa ba, don haka bar wa mai gadi ya faɗa. Gargada kuwa gudu ke haifar da ita a busasshiyar hanya, da taka birki da fizgar mota a wuri ɗaya kullum, shi ya sa ta fi yawa a bakin babbar hanya da ƙofar garka. Mai gudun na san shi, na san hularsa, na san gwaggon da ta haife shi.

Ran Asabar ka zo Maraɗi da awon ƙusoshin a rubuce a takarda, mu je wurin mai walda tare. Ni zan yi ciniki, kai ka tsaya a mota, don in ya ga kumatunka zai sa kuɗin faɗa a kan farashi. Tifa 18 ɗin ka fara biyan rabi tun kafin Mayu. Ka taho da kuɗin sharar bara da na bana, da buhun zogale na uwargida. Lungunmu na Bagalam ma ya lotsa a tsakiya, kuma mai tarakta in a dangi yake ba a yi masa haya. Ka zaɓi ranar da ba kasuwa, ka zo da gazuwal ɗinka.